Daga Indararon Madabo Zuwa Madatsar Wasai: Aikin Masana Ruwa da Zaizayar Ƙasa a Jihar Kano

Duk wanda ya taɓa fakewa a wani zaure a unguwar Madabo yayin da aka tsuge da ruwan watan Agusta, ya ga yadda indararo ke zubo ruwa cikin lungu, lungu ya miƙa wa kwata, kafin wani lokaci hanya ta koma rafi. Ruwan yakan zo da launin ja, domin ya wanko jikin katangu da ƙasar gangaren Dutsen Dala. Da an ɗauke ruwa da sa'a ɗaya ko biyu sai a neme shi a rasa, kowa ya koma harkarsa. Tambayar da ba kasafai muke yi ba ita ce: ina wannan ruwa ya tafi, mene ne yawansa, kuma ƙasar wa ya ɗiba ya kai wa wa? Akwai mutanen da amsa wannan tambaya ita ce sana'arsu tun daga ƙuruciya har furfura. A wannan shafi muna so mu bayyana wa jama'a, musamman mazauna karkara, da dagatai da masu unguwanni da ma'aikatan ƙananan hukumomi, ko su wane ne waɗannan masana, abin da suka gano game da kogunanmu, yadda ake zama ɗaya daga cikinsu, da kuma inda aikinsu ya dogara a kanmu.

Hanyar da ruwan birni ke bi

Kamar yadda aka sani, Madabo tana daga cikin tsofaffin cibiyoyin ilmi a birnin Kano. Ana danganta ta da malaman Wangarawa da suka zo daga ƙasar Mali a ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite. Littafin Tarihin Kano ya sanya zuwansu a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), wata ruwayar kuma ta sanya shi a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Unguwar ta shahara da karatun fiƙihu, kuma a can ne ake da sarautar Babban Malami. Mutumin Madabo ba sai an gaya masa cewa ilmi yana cin shekaru ba, domin ya ga ɗalibin da ya zauna gaban malami guda shekara da shekaru a kan littafi guda. Ilmin da za mu yi bayani a kai shi ma haka yake, sai dai littafinsa kogi ne da gona, kuma shafi ɗaya kawai ake buɗewa a kowace damina.

Ruwan da ya sauka a Madabo da mafi yawan unguwannin cikin ganuwa yana gangarawa ne zuwa Jakara. A da can Jakara kurmi ce mai baƙin ruwa, a gefenta aka kafa Kasuwar Kurmi a zamanin Rumfa, kuma Bajamushen nan mai yawon buɗe ido, Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya bayyana ta a matsayin babbar fadama a tsakiyar gari. Daga cikin birni ruwan yakan nufi arewa maso gabas, ya haɗu da rafin Getsi wanda ke ɗauko ruwan masana'antun Bompai, ya ratsa lambunan masu noman kayan miya, har ya tsaya a madatsar Wasai da ke ƙaramar hukumar Minjibir, wadda aka gina a 1976. Ke nan ledar da aka jefa a kwata a cikin birni, da jar ƙasar da ta zube daga katanga, da ruwan rini, duk makomarsu gonar wani bawan Allah ce wanda bai taɓa taka Madabo ba.

Bugu da ƙari, hanyar ruwan ta sauya a idon mutanen da ke raye yanzu. Kududdufan da aka haƙa domin ɗibar ƙasar gini su ne suke riƙe ruwan sama na ɗan lokaci, su sake shi a hankali. An cike da yawa daga cikinsu an yi gini a kai. Soron ƙasa ya koma kwano, tsakar gida ta koma siminti, kuma a tsakanin 2011 da 2015 an kama aikin rufe wani sashe na Jakara da kankare domin shimfiɗa titi a samanta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye yana da amfaninsa, amma a haɗe suna nufin abu guda: ruwa kaɗan ne ke nutsewa cikin ƙasa, mai yawa ne ke gudu, kuma yana isa ƙasa da wuri da ƙarfi.

Mene ne kwarin kogi?

Masana suna kallon ƙasa kamar ƙwarya. Duk ɗigon da ya faɗa cikin ƙwarya zai gangara tsakiya, wanda ya faɗa bayan bakinta kuwa wata ƙwaryar zai shiga. Dukkan faɗin ƙasar da ke zuba ruwanta cikin kogi guda shi ake kira kwarin wannan kogi, tudun da ya raba kwari da kwari kuma shi ne bakin ƙwaryar. Birnin Kano kansa yana zaune a kan irin wannan tudu: arewacinsa na zuba wa Jakara, kudancinsa, kamar yankin Sharaɗa, na zuba wa Kogin Calawa ta rafin Salanta.

Kogin Kano yana tasowa ne daga duwatsun kudancin jiha, wajen Riruwai da gangaren tsaunukan Jos, inda damina ta fi nauyi. Yana haɗuwa da Calawa kudu da birni, su wuce Wudil a matsayin kogi guda, su shiga Jigawa da sunan Kogin Haɗeja, su bazu cikin dausayin Haɗeja da Nguru, daga nan abin da ya rage ya bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Cadi. A kudu da yammacin jiha akwai dutse a ƙarƙashin ƙasa, saboda haka ruwa yakan gudu a sama, ga koramu da kwazazzabai. A arewa maso gabas kuwa rairayi ne mai zurfi, ruwa yakan nutse, har ƙananan koguna irin su Gari da Tomas da Jakara su rasa takamaiman hanya idan sun shiga cikinsa. Wannan bambanci shi ya sa manyan madatsunmu suke kudu da yamma, shi ya sa kuma rijiyar da ta yi ruwa a wani gari ba lallai irinta ta yi a wani ba.

Abin lura ga ma'aikacin ƙaramar hukuma shi ne, iyakar kwarin kogi ba ta bin iyakar mulki. Dazuzzukan da aka sare a Doguwa ko Tudun Wada suna bayyana a matsayin laka a cikin madatsar Tiga. Ruwan da aka sako daga Tiga da Calawa yana kwana a gidajen mutanen Wudil da Ringim. Babu shugaban ƙaramar hukumar da zai iya magance zaizaya ko ambaliya shi kaɗai idan tushenta yana sama da yankinsa.

Yadda ake awo

Tushen wannan ilmi awo ne, kuma ma'auninsa na farko ba shi da wuya: gwangwani mai mazurari da ake kafawa a fili, a riƙa dubawa kowace safiya a lokaci guda. Ana lissafin ruwan sama da milimita. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya, wato kimanin eka biyu da rabi, lita 10,000 ne. Idan aka yi ruwa mai milimita 50 a dare ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a watan Agusta, gida mai faɗin mita 10 da tsawon mita 10 zai karɓi lita 5,000, wato durom 25. Mai karatu ya ninka wannan da yawan gidajen unguwarsu, zai gane dalilin da ya sa kwata ke gazawa. Birnin Kano yakan sami kimanin milimita 800 zuwa 900 a matsakaiciyar shekara, kusan dukkansa a cikin wata huɗu zuwa biyar.

A bakin kogi kuma ana kafa sanda mai lambobi domin karanta tsayin ruwa. Sai masani ya shiga ruwan, ko ya tsaya a kan gada, ya auna saurin gudunsa da faɗinsa da zurfinsa a lokuta daban-daban, har ya iya cewa idan ruwa ya kai lamba kaza, to kubik mita kaza ke wucewa a kowace daƙiƙa. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ne, durom biyar ke nan. Domin sanin ƙasar da kogin ke ɗauke da ita, sai a ɗebi ruwan a kwalba, a tace, a busar da lakar, a ɗora a sikeli. Aiki ne na maimaici, kuma ranar da ya fi muhimmanci ita ce ranar da kowa ke neman mafaka, domin kogunanmu sukan kwashe mafi yawan lakar shekara a cikin 'yan kwanakin da suka yi cika.

Zaizayar gona tana da nata ma'auni. Akan kewaye wani yanki mai tsawon kimanin mita 22 a kan gangare, a sa tanki a ƙasansa, duk ruwa da ƙasar da suka gangaro a tara a auna. A jera irin wannan yanki da dama, wani a bar shi tsirara, wani a shuka gero da wake, wani a yi kunya a gicciye, wani a yi ta bin gangare, sannan a kwatanta. Daga dubban irin wannan awo ne masana biyu a Amurka, Wischmeier da Smith, suka fitar da lissafin hasashen zaizaya a 1965, suka sabunta shi a 1978. Amma lissafin da aka gina a kan ruwan wata ƙasa ba ya zama daidai a tamu sai an gwada. A Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, J. M. Kowal ya bi diddigin ruwan wani ƙaramin kwari, aka buga sakamakon a 1970, daga baya shi da A. H. Kassam suka auna ƙarfin dukan da ruwan sama ke yi wa ƙasa. Abin da irin wannan bincike ya tabbatar shi ne ruwanmu yana sauka da ƙarfi ƙwarai a ɗan gajeren lokaci, kuma haɗarin ya fi yawa a farkon damina, lokacin da gona take fili babu abin da ya rufe ta. A Ibadan ma, Rattan Lal ya shafe shekarun 1970 zuwa 1987 yana irin wannan gwaji, aikin da ya kasance cikin dalilan ba shi babbar kyautar abinci ta duniya a 2020.

Kwazazzabo kowa yana ganinsa. Zaizayar da ta fi cin manomi ita ce wadda ba a gani, mai shafe saman gona a hankali. Idan gona mai hekta ɗaya ta rasa ƙasa mai kaurin milimita ɗaya, wanda bai kai ƙwayar gero ba, an yi asarar kimanin tan 14, wato buhu 140 masu kilo ɗari-ɗari. Kuma ba kowace ƙasa ce ke tafiya ba, mai laushin ce, wadda ta riƙe taki. Manomi ba zai lura ba sai ranar da ya ga saiwar dawa a waje, ko tsakuwa ta yawaita, ko wani ɓangaren gonar ya koma faƙo.

Darasin madatsar Tiga

A zamanin mulkin Audu Bako (1967 zuwa 1975) ne Jihar Kano ta shiga gina madatsun ruwa gadan-gadan, kuma farin da aka yi a 1972 zuwa 1974 ya ƙara nuna buƙatar hakan. An gama Tiga a 1974, da nufin ta riƙe kusan kubik mita biliyan biyu, ta shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ta kuma ba birni ruwan sha. An kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, aka kammala madatsar Calawa da ke Ƙaraye a 1992. Amfanin waɗannan ayyuka a fili yake, duk wanda ya ga shinkafar Kura da tumatirin Kadawa ya shaida.

Sai dai akwai wanda ya zaɓi ya tsaya a ƙasan madatsar ya duba abin da ke faruwa da kogin da aka tare. Farfesa Emmanuel Ajayi Olofin, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana koyarwa a Sashen Labarin Ƙasa na Jami'ar Bayero, ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1980 a kan tasirin Tiga ga yankin da ke ƙasa da ita. Kafin madatsar, Kogin Kano yakan cika ya batse da damina, da rani kuma ya zama shimfiɗar yashi mai faɗi. Bayan madatsar sai ambaliyar ta ragu, aka sami siririn ruwa mai gudu duk shekara, ciyayi suka kama tsohon yashin. Wanda ya ga haka zai ɗauka zaizaya ta ragu. Abin da awo ya nuna, kamar yadda ya buga a 1984, shi ne kwazazzaban da ke gefen kwarin sun ƙara zurfi. Dalilin kuwa mai sauƙin ganewa ne idan an yi bayani: a da, idan ƙananan koramu suka kawo ruwa, sukan tarar da babban kogin a cike, sai gudunsu ya mutu, su ajiye yashinsu a baki. Da aka tare kogin, sai suka riƙa tarar da shi can ƙasa, suna faɗawa da ƙarfi, suna haƙar gindinsu, haƙar tana ja da baya tana shiga gonaki. Wannan bincike misali ne na abin da madatsa ke haifarwa inda ba a zata ba. A 1987 kuma ya fitar da littafi a kan yanayin ƙasar Kano, wanda ɗalibai suka daɗe suna dogara da shi.

A ganinmu, darajar wannan aiki tana cikin cewa ba a ofis aka yi shi ba, kuma ba a damina ɗaya ba. Sai da mutum ya san yadda kogin yake a da, ya riƙa komawa wuri guda da ma'auni shekara bayan shekara, kafin ya iya cewa ga abin da ya sauya, ga kuma dalili. Can ƙasa sosai, wasu masanan sun bi sawun abin da ya sami dausayin Haɗeja da Nguru, inda raguwar ambaliyar damina ta taɓa masunta da makiyaya da manoman shinkafa, ruwan da ba ya yankewa da rani kuma ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa. Fashewar madatsar Bagauda a watan Agusta na 1988, da ambaliyar 2001 a Kano da Jigawa, da abin da ya sami Maiduguri a watan Satumba na 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, duk sun nuna cewa madatsa tana buƙatar mai karanta lambobinta kullum, kuma lakar da ke taruwa a cikinta tana cinye wurin da aka tanada domin ruwa.

Abin da manomin Kano ya koya wa masana

Ba kullum bincike ke kawo labarin tsoro ba, wani lokaci yakan kwance tsoron da ba shi da tushe. A tsakiyar shekarun 1930 wani masanin gandun daji ɗan Ingila, E. P. Stebbing, ya yi shelar cewa Sahara tana tahowa za ta haɗiye arewacin Nijeriya. Aka kafa kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa, ya zagaya iyakar a 1936 zuwa 1937, bai sami shaidar wannan tahowa ba, ko da yake ya ga wuraren da aka lalata da sare itace. Daga baya Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya daga 1962, ya kuma riƙe kujerar farfesa a Jami'ar Bayero daga 1979 zuwa 1986, ya shafe rayuwarsa yana nazarin ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano. Bisa lissafin littafi, ƙasar da ake nomawa kowace shekara ba hutu, ga cunkoson jama'a, ya kamata a ce ta mutu tuntuni. Ya tarar ba haka ba ne. Manoma suna kai takin dabbobi gona, jakuna suna shigo da itace birni su koma da shara da toka, ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa, ana barin gawo da ɗorawa da kuka a tsakiyar gona, ana kafa shinge a kan iyaka. A 1994 shi da Mary Tiffen da Francis Gichuki suka buga bincike a kan yankin Machakos na ƙasar Kenya, inda jama'a suka ninka fiye da sau biyar tsakanin 1930 da 1990, amma zaizaya ta ragu saboda mutane sun zuba aiki wajen gina matakala a gangaren gonakinsu. Ya rasu a 2017.

Kada a fahimci wannan da cewa babu matsala. Mutanen Bulbula da Gayawa, a ƙananan hukumomin Nasarawa da Ungogo, sun san abin da kwazazzabo ke yi wa gida da hanya. Abin da muke nufi shi ne masani na ƙwarai ba ya zuwa ƙauye da amsa a aljihu. Yana zuwa ne ya auna, ya tambaya, domin dattijon da ya san inda ruwa ya tsaya a 1988 yana riƙe da shafin da babu shi a kwamfuta.

Yadda ake shiga wannan fage

Ga iyayen da ke da yaro ko yarinya mai sha'awar wannan hanya, tushen yana sakandare: lissafi, da labarin ƙasa, da kimiyyar sinadarai, da fizik, da Turanci. A jami'a ƙofofin suna da yawa. Ana iya shiga ta labarin ƙasa, ko ilmin duwatsu, ko kimiyyar ƙasar noma, ko injiniyancin aikin gona, ko injiniyancin gine-gine da albarkatun ruwa. Jami'ar Bayero, da Jami'ar Ahmadu Bello, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil wadda ta ɗauki sunan Aliko Ɗangote a 2022, duk suna koyar da wasu daga cikin waɗannan fannoni, akwai kuma Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna mai horar da ma'aikata. Digirin farko shekara huɗu ne ko biyar, sai hidimar ƙasa, sai digiri na biyu kimanin shekara biyu, sai na uku wanda ba ya gaza shekara uku, kuma a wannan fanni yakan zarce, domin ba a hanzarta damina. Daga mataimakin malami zuwa kujerar farfesa tafiya ce da takan ci shekara goma sha biyar zuwa ashirin, ana koyarwa, ana buga sakamakon bincike domin sauran masana su tantance, ana kuma yaye ɗalibai.

Ba za mu ɓoye ba, hanya ce mai wahala, ba kuma ta neman dukiya ba ce. Kayan awo suna da tsada, zuwa daji yana buƙatar mota da mai. Zamani ya kawo sauƙi ta wani gefe: hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat, waɗanda aka fara ɗauka a 1972, sun zama kyauta tun 2008, ta yadda ɗalibi zai iya ganin yadda kududdufan birni suka ɓace ɗaya bayan ɗaya yana zaune a ɗaki. Amma wannan sauƙi yana da tarko, domin ana iya rubuta kundi guda a kan zaizayar wani yanki ba tare da an taka shi ba. Hoto yana nuna faɗin kwazazzabo, ba ya nuna zurfinsa, ba ya kuma faɗar daren da ya buɗe. Wanda bai tsaya a jami'a ba yana da wurin aiki a ma'aikatun ruwa da muhalli da gona, da hukumar kogunan, da hukumar NIHSA mai fitar da hasashen ambaliya na shekara-shekara, da NiMet mai hasashen yanayi, da kuma shirye-shirye irin su NEWMAP, wanda ya gudana daga 2012 zuwa 2022, da ACReSAL da aka amince da shi a 2021 domin jihohin arewa 19 da Abuja.

Inda aikin ya dogara a kanmu

Masana yanayi ba sa yanke hukunci a kan damina sai da lissafin shekara 30. Injiniyan da zai zana kwalbati ko gada yana buƙatar sanin ruwa mafi girma da ya taɓa bi ta wurin. Idan babu rubutu sai ya yi kirdado: ya yi ƙarami ruwa ya tafi da shi, ya yi babba kuɗin jama'a su tafi a banza. A bisa wannan dalili, ma'aunin ruwan sama da ke harabar makaranta ko sakatariya, da sandar lambobi da ke jikin gada, dukiyar gari ce. Idan aka cire su shekara uku, wannan giɓi ba ya cikuwa har abada, domin ruwan 2019 ba zai sake sauka a auna shi ba. Muna roƙon dagatai da masu unguwanni su sa ido a kansu, su kuma karɓi ɗaliban da ke zuwa da igiyar awo da kwalabe, su haɗa su da dattawan da suka san wurin.

Har ila yau, mafi yawan kwazazzaban da ke cin garuruwa suna farawa ne daga abin da hannu ya yi: bakin kwalbatin da aka saki ruwansa a kan ƙasa tsirara ba tare da an daɓe da dutse ba, ramin da aka ɗebi marmara domin aikin hanya aka bar shi, burtalin da ya zama magudana, ɗibar yashi a gindin gada, da filayen da aka yanka a kan hanyar ruwa ko a cikin tsohon kududdufi. Waɗannan duk suna bi ta teburin wani jami'i kafin su faru. Tun ramin yana iya gwiwa ana iya tsayar da shi da jerin duwatsu da buhunan ƙasa da dashen jema ko gamba, a kuma karkatar da ruwan tun daga sama. Idan ya kai tsayin soro sai kankare da kwangila. Zuba shara a ciki, wanda jama'a suka saba yi da kyakkyawar niyya, ba ya tsayar da shi, ruwan yakan kewaye ya ci gefe, sharar kuma ta tafi gonakin ƙasa.

Akwai awon da kowane gari zai iya yi ba tare da jiran kowa ba. A sami littafi guda a ajiye a gidan dagaci ko ofishin sashen ayyuka. Duk ranar da aka yi ambaliya a rubuta kwanan wata, da lokacin da ruwan ya fara da lokacin da ya janye, a ja layi da fenti a jikin ginin da ba ya motsi, kamar makaranta ko ƙafar gada, a rubuta shekarar a gefensa. Inda akwai kwazazzabo, a kafa turke mai ƙarfi ko a zaɓi wata bishiya a bayan kansa, a auna tazarar da ke tsakani da igiya mai alamar mita. A yi awon farko a watan Afrilu kafin ruwa ya sauka, a maimaita a watan Nuwamba bayan an ɗauke, a rubuta duka biyun tare da sunan wanda ya auna. A ƙarshen shekara a kwafi shafin, ɗaya ya zauna a gari, ɗaya a aika sakatariyar ƙaramar hukuma, daga can a miƙa wa ma'aikatar muhalli ko sashen labarin ƙasa na jami'ar da ta fi kusa.